Takardar da Na Ce Na Gane

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, duk da akwai mutum ɗaya da hannuna ke ƙaiƙayin in rubuta nasa da manyan baƙaƙe. A shekarun da zan ba da labari ni tela ce a birnin Tahoua, ina da shekara talatin da 'yan kai, da ɗiya uku, maigidana kuwa yana cin rani a Abijan, sai ya shekara biyu bai leƙo gida ba. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, na faɗi jarrabawa, aka ce in zauna gida. Abin da na fito da shi bai wuce in haɗa baƙaƙe in karanta allon kanti ko takardar magani ba, sai ɗan Faransancin gaisuwa da ciniki. Amma a cikin mutanen da nake zaune da su, wannan ɗan abin ya sa ana yi mini kallon mai ilimi, ni kuma na bar su a haka don yana mini daɗi.

Wurin da muke aiki wani tsohon siton fata ne a unguwarmu, fili mai katanga da babbar ƙofar ƙarfe, ɗakuna takwas a jere, famfo ɗaya, layin kuran ɗaya mai kawo mana wutar lantarki, da itacen dogon yaro a tsakiya. Na wata dattijuwar Hajiya ne, gadon mijinta. Wani tsohon baduku, wanda duk muke kira Baba, shi ya roƙe ta wurin tun yana kango, ya share, ya zauna da fatunsa da basillarsa, sannan ya riƙa jawo masu sana'a ɗaya bayan ɗaya: mai walda, mai gyaran waya, mai injin niƙa, wata mai haɗa sabulu da sauransu. Hajiya ba ta ɗora mana komai ba sai sharaɗi ɗaya da suka ƙulla da Baba da baki. Ɗakin da ke bakin ƙofa, wanda duk mai shigowa sai ya gifta ta gabansa, ba na kowa ba ne, na sabon shiga ne. Wanda ya fara sana'a ba shi da wurin zama, a ba shi ɗakin shekara guda cur, kowa ya taimaka masa da abin da ya iya. In shekara ta cika, idan akwai ɗaki a ciki ya koma, in babu a taya shi neman wuri a gari, a kawo wani. Ranar Juma'a in an sauko masallaci mukan zauna gindin dogon yaro, maza gefe mata gefe, a ci abin da aka kawo, duk mai magana ya yi.

Ni ma ta wannan ɗaki na shiga. Na zo da keken ɗinki na ƙafa da na gada wurin gwaggona, ko wuyan riga ban iya yankawa ya zauna ba. Mai walda ya gyara mini ƙafar keken, mai sabulu ta kawo mini yadin ɗiyanta in koya a kai, na ɓata biyu ba ta ce uffan ba. Baba kuwa, duk matar da ta zo sayen takalmi ko jaka sai ya ce mata ga ɗiyarsa can bakin ƙofa, hannunta na da kyau, alhali a lokacin hannuna ba shi da kyau ko kaɗan. Da shekarata ta cika aka ba ni ɗaki a ciki. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce ban san darajar ɗakin ba lokacin da na yi abin da na yi. Na sani sarai.

Shekara shida bayan haka, ina da keke biyu, mata na layi a ƙofata gabanin salla, sai layin shiga ɗakin bakin ƙofa ya zo kan wata mata daga wajen Takanamat. Mijinta ya rasu, dabbobinsu sun ƙare, ta shigo birni da ɗiyarta ɗaya tana yawon tallar cuku a faifai. Matar Baba ce ta gan ta a kasuwar Lahadi ta kawo ta. Hausarta da gargada, Tamashek ya fi kama bakinta, amma cukunta siriri ne, fari tas, in ka gasa ka sha shayi da shi ba ka mantawa. Ta shirya da matan rugagen da ke kewayen gari suna kawo mata madara kowace safiya. Dabarar da ta zo da ita kuwa ita ce ta riƙa jera cukun a leda mai tsabta tana kai wa matafiya a tasha, masu zuwa Yamai da Agadas, su yi tsaraba. Mai walda ya ƙera mata ragar shanya don ƙuda, mai gyaran waya ya koya mata karɓar saƙon murya, ni kuma na ɗinka mata 'yan jakunkunan yadi. Ni na kama hannun ɗiyarta na kai ta lakwal aka rubuta ta. Tana ce mini Yaya, kuma ba ta taɓa gasa cuku da safe ba ta miƙo mini na farko ba.

A cikin waɗannan watanni ne wani mutum ya fara kawo mini ɗinki. Fes-fes yake, da tabarau da jakar takardu a hammata. An ce ya taɓa koyarwa, shi ya sa muke kiransa Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal. Da Faransanci yake gaishe ni, in na amsa sai ya ce ai ni asara aka yi da aka fitar da ni daga makaranta. Yakan zauna a benci ya yi ta kallon filin yana girgiza kai, yana cewa ba mu san abin da muke da shi ba. Ya ce irin wannan wuri, inda masu sana'a ke renon sabon shiga, ƙungiyoyin waje nemansa suke ruwa a jallo, za su iya kawo mana faranti mai kama hasken rana, da kekunan ɗinki na lantarki, da firigo na sanyaya kaya. Abin da ya rage kawai mu zama ƙungiya mai takarda da hatimi, shi kuma zai yi mana wahalar zirga-zirga don Allah.

Kada in yi wa abokan zamana ƙarya, ba kwaɗayi kaɗai ya ja mu ba. Duk wanda ya yi bazara a Tahoua ya san yadda kuran ke ɗaukewa, mai walda da mai niƙa su yini zaune suna kallon injin. Maganar hasken rana ta shiga kunnen kowa. Baba kaɗai ya ja baya. Ya ce shekara da shekaru muna zaune lafiya ba takarda, kuma bai taɓa ganin mutum ya yi ta sintiri a rana don wasu su ci shi ya tafi hannu wofi ba. Muka ce tsufa ne. Ni da bakina na ce wa mai sabulu Baba bai san duniya ta canza ba.

Wata Juma'a Mushe ya zo da takarda shafi huɗu, cike da ƙananan rubutu, duk da Faransanci. Ya yi bayani da Hausa a taƙaice, ya ce dokokinmu ne na da ya zuba a rubuce, bai ƙara ba bai rage ba. Baba ya ce to a ba ɗiyarsa ta karanta, tunda ita tamu ce. Aka miƙo mini, ido ya dawo kaina. Wallahi na fara layin farko da niyya mai kyau, amma kafin in kai rabin shafi na san na nutse. A kalma biyar da ƙyar nake gane ɗaya. Irin Faransancin nan ne na masu shari'a, jimla ɗaya ta cinye layi shida. Na juya shafi, na sake juyawa. A shafi na ƙarshe na ga sunana cikakke, kusa da kalmar da na tabbata tana nufin shugaba. Na ɗaga kai na ga Mushe yana mini murmushi, na ga mata suna kallona da alfahari. Baba ya ce, "Ɗiyata, kin gane abin da takardar ga ta ce?" Na ce na gane. Ya sake tambaya, na ce na gane, Baba. Ya tambaya karo na uku, a hankali, ya ce in akwai inda ya shige mini duhu ba laifi ba ne, a kai wa wani. Raina ya ɓaci, na ce masa ba abin da ke ciki sai alheri. Shi ya fara dangwala yatsa, sauran suka bi, ban da mai cuku, wadda ba a nemi yatsanta ba.

Bayan kwana biyu na raka Mushe gidan Hajiya da wata takardar, wadda ya ce shaida ce kawai cewa ta san muna zaune a filinta. Hajiya ba ta san shi ba, ni ta sani, ni ke mata ɗinki. Ta dube ni ta ce in dai na duba shi ke nan. Wannan ko buɗe ta ban yi ba. Ta dangwala.

Daga nan abubuwa suka fara sauyawa. Aka shafe katanga da fenti, aka kafa allo a ƙofa da wani dogon suna wanda ko ɗayanmu bai zaɓa ba. Mushe ya daina kawo ɗinki, ya fara zuwa kullum yana zagaya ɗakuna hannu a baya. Madam shugaba yake kirana, ni kuma har tafiyata ta canza. Da damina ta kankama ya kira ni gefe ya ce manyan baƙi za su zo ganin wuri, kuma abin da za su fara cin karo da shi ɗakin mai cuku ne, da ƙarnin madara da ƙuda da matan ruga zaune da ƙorai. Ya ce wannan kaɗai ya isa ya kore mana arziki. A ce mata ta ɗan matsa na sati biyu, in baƙi sun tafi ta dawo, kuma ni ce shugaba, ni ya dace in faɗa mata. Saura wata huɗu shekararta ta cika. Kuma na san damina ce lokacin madara, lokacin da mai cuku ke yin aikin da zai riƙe ta har rani. Duk na sani, na tashi na tafi.

Na same ta da hantsi tana juya cuku a raga. Ta yi murmushi ta miƙo mini wanda ta gasa, ban karɓa ba. Na zayyana mata abin da aka ce, ina kallon bango. Ta tambaye ni mi ta yi. Na ce ba ta yi komai ba, tsari ne, yanzu muna da takarda. Ta ce in ƙuda ne za ta ƙara wanke wurin, in matan ruga ne za ta riƙa tare su a hanya, in ranar baƙi ce za ta rufe ɗaki ta yini a waje. Kowace ta kawo sai in ce tsari ne. Daga ƙarshe ta goge hannunta a zane ta ce, "Yaya, ke a shekararki an taɓa ce miki ki matsa?" Na koma ɗakina na taka keke da ƙarfi don kada in ji tana kwasar kaya. Baba ya je ƙauye gaisuwar mutuwa a ranar, kuma yanzu na gane ba a banza aka zaɓi ranar ba. Da ya dawo ya ga ɗakin a rufe ya tambaya, na ce masa sati biyu ne kawai. Ya daɗe yana kallona.

Ranar baƙi kuwa, in na tuna har yanzu jinina tafasa yake. Da sassafe wasu samari da 'yan mata sun kai goma suka shigo da riguna iri ɗaya masu sunan da ke kan allo. Ba mu taɓa ganinsu ba, daga baya muka ji 'ya'yan 'yan'uwan Mushe ne da na maƙwabtansa. Ya rarraba su ɗakunanmu. Wata ya zaunar a kan kekena, yarinyar ko zare ba ta iya sawa a allura ba, ni na sa mata na koma na tsaya a bayanta. Baba aka ce ya shiga da fatunsa ciki ya saki labule. Ɗakin bakin ƙofa an sa masa tebur da kujera mai juyawa, ya zama buron Mushe, wato ofishinsa. Baƙin suka zo su huɗu, mutanen kirki a ganina, suna gaisawa da kowa. Mushe ya fara jawabi, kuma wannan karon Faransancin bai mini wuya ba, don da baki ne kuma a hankali yake yi. Da kunnena na ji ya ce shi ya kafa wurin da guminsa, ya tsinto mu a titi ba mu da komai, ya koya mana sana'a. Ya nuna ni ya ce ga ta farko da ya ceto, matar da ba ta san ko baƙi ɗaya ba, yau ga ta har tana koyar da wasu. Sannan ya ɗauko cuku a jere cikin leda, a cikin jakar yadin da ni na ɗinka da hannuna, ya ce wannan sabuwar dabara ce ta ɗaya daga cikin ɗalibansa, ya turo wata yarinya mai jan baki gaba, aka tafa mata, aka ɗauke ta hoto. Ashe ya aika an sayi ragowar cukun matar tun ranar da ta fita. Ina tsaye ina ji, ni kaɗai a cikinmu na gane abin da ake faɗa, kuma ban buɗe baki ba. Da aka ce a yi hoto na shiga na yi murmushi.

Sati biyu ya wuce, wata ya wuce, ba wanda ya kira mai cuku. In na yi magana sai Mushe ya ce in yi haƙuri kaya na hanya. Kayan sun zo kuwa, muna gani aka sauke farantan hasken rana da kekunan lantarki da firigo, aka shigar buro aka datse da kwaɗo, wai sai an yi mana horo. Wata safiya Baba ya shigo ɗakina da ambulan, ya ce Mushe ya ba shi, in karanta masa. Na buɗe, rubutu kaɗan ne, na gane kwanan wata da sunansa da kalmar fita. Na ninke wasiƙar. Na ce masa idona na ciwo, ya bar mini zuwa gobe.

Da la'asar na ɗauki wasiƙar da kwafin takardar nan mai shafi huɗu na nufi gidan wata ungozomar asibiti, 'yar Damagaram da aka turo aiki garinmu, wadda nake wa ɗinki. A tsakar gidanta ta karanta mini layi-layi tana mayarwa Hausa. Takardar ta ce Mushe ne ya kafa ƙungiya, shi ne mai gudanarwa, shi kaɗai ke da ikon cewa wa zai shiga ɗaki wa zai fita, shi ke karɓar duk abin da aka ba ƙungiya, shi ke shigar da sababbin mambobi. Shugaba kuwa aikinta buɗe taro da rufewa. Maganar ɗakin sabon shiga ko sau ɗaya ba ta fito ba. Wasiƙar Baba ta ce warin fata da jima bai dace da sabon tsari ba, an ba shi wata guda ya kwashe. Da na ba ta labarin takardar Hajiya, ta ce ba mamaki aron filin ne na shekaru masu yawa aka rubuta wa ƙungiya, kuma haka ya tabbata. Ta cire tabarau ta tambaye ni wane marar tsoron Allah ne ya karanta mana wannan ya ce mu dangwala. Na ce ni ce.

Juma'ar da ta biyo na miƙe a gindin dogon yaro na faɗi komai. Na ce ban gane takardar ba, ƙarya na yi don kada a ce ilimina ƙarami ne. Na faɗi abin da aka ce a kanmu ranar baƙi. Mai walda ya tashi yana huci, ya ce da namiji ne ni da yau sai an raba mu. Mai sabulu, wadda Mushe ya yi wa alkawarin tafiya horo Yamai, ta ce hassada ce ke damuna don an daina yi da ni. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce tun ranar ya sani, don ya ga leɓena ya daina motsi tun a shafin farko, yatsana kawai ke tafiya. Ya ce ya tambaye ni sau uku ne don ya buɗe mini ƙofa, da na ƙi fita kuma bai so ya kunyata ni gaban baƙo ba, sai ya dangwala. Ya ce wannan laifinsa ne shi ma, ya fifita kunyata a kan haƙƙin mutane. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Bai jira wata ya cika ba, cikin satin ya kwashe kayansa a amalanke ya koma zauren gidansa, ya ce ba zai zauna inda sai an nuna takarda kafin a san shi ba.

Mun yi ta fama. Mun kai ƙara wurin mai unguwa, Mushe ya zo da jakarsa ya baje takardu, ya nuna yatsunmu ɗaya-ɗaya, ya fito da jerin mambobi inda masu riguna iri ɗaya suka fi mu yawa. Ya dube ni a gaban dattawa ya ce ai shugaba da kanta ta karanta ta ce ba komai sai alheri, ko ƙarya ya yi? Mai unguwa ya ce sulhu zai iya, amma ba shi da ikon yaga takarda mai hatimi. Ungozomar nan, Allah ya saka mata, ita ta rubuta mana wasiƙa zuwa ga ƙungiyar da ta aiko kayan. Bayan watanni wata mata daga cikinsu ta zo ba sanarwa, ranar Talata, ta tarar da buro a kulle, babu ɗalibi ko ɗaya. Ta zauna a bencina ta saurare mu, ta rubuta, ta ba mu haƙuri, suka yanke hulɗa da Mushe. Ba a yi kwana uku ba ya zo da mota da rana tsaka, ya buɗe kwaɗo, aka loda faranti da kekuna da firigo, har allon ƙofa ya cire. Ya ce kayan ƙungiya ne, kuma ga takarda ta nuna wane ne ƙungiya. Muna tsaye muna kallo.

'Ya'yan Hajiya da suka ji an kusa raba mahaifiyarsu da filinta, suka shiga shari'a har aka warware aron. Ban ga laifinsu ba da suka ce sun gaji. Suka ja katanga ta raba filin biyu, gaban duka har da ɗakin bakin ƙofa suka ba wani mai sayar da siminti. Mu huɗu muka rage a baya, ta wata 'yar ƙofa a lungu muke shiga. Na je gaishe da Hajiya, ta amsa gaisuwa ba ta dube ni ba, kuma tun daga ranar wata tela take ba ɗinkinta. Mushe kuwa yana nan garin, ya kafa allonsa a wata unguwa, har yau in ana taron matasa da sana'a sai ka gan shi a kujerar gaba da sabuwar shadda. Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa.

Da kaka na shiga motar kasuwa na tafi wajen Takanamat neman mai cuku. Sai da na yi tambaya a wuri uku kafin a nuna mini gidan wanta, inda na same ta tana saƙar tabarma, ta rame. Ta shimfiɗa mini, ta kawo ruwa. Ta ce ta jira sati biyun a wani zaure da aka ba ta aro, ta zo ƙofarmu sau biyu ta ga kwaɗo, ta ji kunyar shiga. Ba wurin shanya, cuku ya yi ta lalacewa, matan ruga suka mayar da madararsu wurin wani, masu saye a tasha suka kira suka gaji. Da abinci ya gagara ta cire ɗiyarta daga lakwal suka dawo. Na yi kuka na roƙe ta gafara, na ce ta zo mu raba ɗakina, rabi nata rabi nawa. Ta ce ta yafe mini don Allah, amma ba za ta koma ba. Ta ce, "Shi wancan ban san shi ba, bai taɓa cin abin hannuna ba. Da shi ya zo ya kore ni da na je wurin Baba, da na zo wurinki. Amma ke aka aiko, wurin wa zan je?" Ta raka ni har bakin hanya.

Ina jin haushin mutumin nan, kuma ba na jin zan daina. Ina jin haushin irinsa duka, masu yawo da jaka suna neman inda talakawa suka haɗa kai suka gina wani abu da hannunsu, su zo su liƙa suna a kai su ce nasu ne. Ba su iya ɗinki ba, ba su iya ƙira ba, ba su taɓa koya wa kowa komai ba, abin da suka iya shi ne gane wanda ke son a yabe shi a cikin jama'a. A cikinmu ni ya gano, kuma bai yi kuskure ba. Bai fasa ƙofa ya shigo ba, ni na buɗe masa, don ya ce mini madam.

'Yan'uwana masu sana'a, musamman ku da kuke zaune wuri ɗaya kuna tallafa wa na baya, ba cewa nake kada ku yi takarda ba, zamani ya zo da ita. Amma duk takardar da aka kawo, ku kai wa wanda ba shi da abin ci a ciki ya karanta muku da harshenku, layi-layi, ko da za a yi sati ana yi. Wanda ya ce sauri ake, ku bar shi ya wuce. Ku kuma masu ɗan karatu irina, waɗanda mutane suka dogara da idonku, in ba ku gane ba ku ce ba ku gane ba, kunyar ba ta wuce ta minti ɗaya. In kuma aka aike ku ku tashi wani daga inda yake neman abincinsa, ku ce wanda ya aiko ku ya je da ƙafarsa. Ni na yi ƙarya, ni na kai saƙo, amma yau ina nan a ɗakina ina ɗinki, 'ya'yana suna zuwa makaranta. Wadda ba ta dangwala yatsa a ko'ina ba, ita ta rasa komai.